Agwagwar eider: tsuntsuwar tekun arewa da ake sayar da gashinta da tsadar gaske

Duk wanda ya yi karatun Faransanci a Nijar, Cadi ko Kamaru ya taɓa cin karo da kalmar édredon, wato bargon nan mai kauri da ake cusa wa gashin tsuntsu. Asalin kalmar daga sunan wata agwagwa ce ta tekunan arewacin duniya, wadda Faransawa ke kira eider à duvet, masana kuma suka laƙaba mata Somateria mollissima. Ma'anar sunan na kimiyya shi ne mai jikin ulu mafi laushi. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara rubuta ta a littafin kimiyya a shekarar 1758.

Tsuntsuwa ce mai tsawon rai amma mai jinkirin yaɗuwa, don haka makomarta a rataye take a wuyan macen da ke kwanci a kan ƙwai. Inda mutane suka tsare sheƙarta, sun samu kuɗi ita kuma ta yawaita. Inda aka yi asarar mata da yawa, yawanta ya faɗi cikin 'yan shekaru. Tun shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya ta cikin jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Kamanni

Babu agwagwar daji da ta fi ta girma a nahiyar Turai. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya yakan kama daga santimita 50 zuwa 70, idan ta buɗe fukafukai kuma sukan kai mita ɗaya. Nauyinta yakan tashi daga kilo ɗaya da ɗoriya zuwa kusan kilo 3, kusan daidai da matsakaiciyar agwagwar gida.

Toron ba ya ɓuya. Bayansa da wuyansa da ƙirjinsa farare ne, cikinsa da wutsiyarsa baƙaƙe, yana da baƙar hula a ka da wani launi kore-kore a ƙeya. Ƙirjin yakan ɗan yi ja-ja a lokacin neman aure. Macen kuwa ruwan kasa ce mai ratsin baƙi, launin da ke sa ta saje da duwatsu da busasshiyar ciyawa idan ta kwanta a sheƙa. Abin da ya haɗa su biyun shi ne siffar kai: goshi da baki sun miƙe a layi ɗaya kamar tsinin gatari, kuma da wannan ake gane su tun daga nesa. Sai toro ya kai shekara 3 zuwa 4 kafin adonsa ya cika.

Duk da nauyinta, tana da gudu a sama. Garke yakan jeru a layi, ya bi dab da fuskar ruwa yana gudun da ya haura kilomita 70 a sa'a. Bayan lokacin kiwo kuwa sukan zubar da gashin fukafukansu a lokaci ɗaya, su shafe makonni ba su iya tashi, suna taruwa a tsakiyar ruwa har sabo ya fito.

Danginta na kusa uku ne: eider mai sarauta da ke da wani tudu ruwan lemo a goshi, da eider mai tabarau ta Alaska da gabashin Saberiya, sai 'yar ƙaramar cikinsu da ake kira eider ta Steller.

Abinci da nutso

Rayuwarta kusan duka a ruwan gishiri take. Babban abincinta shi ne kumbar teku mai baƙin ɓawo, wadda ake kira moule da Faransanci, 'yar uwar kumbar da ake samu a kogunanmu. Takan nutsa ƙasa tana tuƙi da ƙafafu da fukafukai, ta fizge kumbar daga jikin dutse, ta haɗiye ta da ɓawonta. Ƙundunta mai ƙarfi ne ke niƙa ɓawon, ya fita a kashi kamar tsakuwa. Idan ta kama ƙaguwa, sai ta girgiza ta har ƙafafu da ƙahonnin su ɓalle sannan ta haɗiye gangar jikin. Galibi a ruwa marar zurfi take kiwo, ƙasa da mita 10, ko da yake tana iya wuce haka idan ta matsu.

Irin wannan abinci yana da ɗawainiya. Naman da ke cikin kumba kaɗan ne idan aka gwada da ɓawon, saboda haka dole ta ci ɗaruruwa a rana kafin ta mayar da ƙarfin da sanyi ya zuƙe. Idan kumbar ta yi ƙaranci ko ta rame, agwagwar takan mutu da yunwa alhali cikinta cike da ɓawo. Gishirin da take haɗiya kuwa, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman idanunta ne ke tace shi daga jini, ya fito ta hanci.

Kwanci da reno

Tun a hunturu toro da mace ke haɗuwa a teku. Idan ƙanƙara ta narke, tsakanin watan Afrilu a kudu da Yuni ko Yuli a can ƙuryar arewa, sai su nufi ƙananan tsibirai da dabbobin tudu ba su iya kaiwa. A tsibiri guda akan samu sheƙa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kusa da juna. Mace takan koma tsibirin da aka ƙyanƙyashe ta, kuma sau da yawa ramin da ta yi amfani da shi bara shi take komawa bana.

Takan yi ƙwai 4 zuwa 5 masu launin kore-kore. Daga nan sai ta fige tattausan gashin da ke ƙarƙashin gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta kewaye ƙwan da shi. Kwancin yakan ɗauki kimanin kwana 26, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Takan tashi ne jefi-jefi ta sha ruwa, bayan ta lulluɓe ƙwan da gashin don kada su huce kuma kada tsuntsayen da ke shawagi su gani. Kafin 'ya'yan su fito takan rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Macen da ba ta tara kitse sosai ba kafin lokacin, ko dai ta fasa yin ƙwai a wannan shekara, ko ta gudu ta bar sheƙar a tsakiya. Toron kuwa da kwanci ya kankama sai ya koma teku wurin 'yan uwansa.

Kwana ɗaya bayan ƙyanƙyasa uwar ke jan 'ya'yanta zuwa ruwa, kuma da kansu suke neman abinci. A nan ne ake ganin wata al'ada da ta shahara da ita: iyaye mata da dama sukan haɗa 'ya'yansu wuri guda, su kewaye su, har da matan da ba su samu nasu ba a wannan shekara. Reno ne na gayya. Idan manyan tsuntsayen teku da Faransawa ke kira goéland suka kawo farmaki, sai 'ya'yan su dunƙule a tsakiya, matan su miƙa wuya suna kai sara. Duk da haka a wasu shekarun kaɗan ne ke tsira. Waɗanda suka rayu sukan fara tashi bayan wata biyu da 'yan kwanaki.

Mace ba ta fara ƙwai sai ta shekara 2 ko 3, amma idan ta kai girma tana iya yin shekara 15 ko 20, an ma samu wadda ta haura 30. Lissafin rayuwarta ke nan: asarar 'ya'yan shekara guda abu ne da garke ke iya jurewa, domin uwar za ta sake yi baɗi. Mutuwar uwar ita ce babbar asara, domin da ita ake rasa ƙwan shekaru goma masu zuwa.

Inda take zaune

Mazauninta ya kewaye arewacin duniya. A Turai tana kiwo a gaɓar Norwe, Suwidin, Finlan, Danmak, Estoniya, arewacin Jamus da Holan, da Sikotlan da arewacin Ingila, da Aislan da tsibiran Faro da Svalbard. Akwai ta a arewacin Rasha, da Girinlan, da Kanada, da Alaska, da gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Wasu 'yan tsiraru sun kafa zama a gaɓar Bahar Aswad a Yukiren. Masana sun kasa ta gida shida bisa ga yanki da siffar baki, kuma ƙiyasin yawanta a duniya yana tsakanin miliyan 3 zuwa 4.

Ba ta yin doguwar hijira kamar sauran agwagin arewa. Na Birtaniya da Aislan kusan ba su gusawa. Na tekun Baltik sukan gangara ruwan Danmak da tekun Wadden, wani faffaɗan ruwa marar zurfi da ya bi gaɓar Holan, Jamus da Danmak. Na arewacin Kanada da yawansu sukan tsallaka kudu maso yammacin Girinlan su yi hunturu.

Na mashigin Hudson a Kanada su ne abin mamaki, domin ba su barin yankin ko da teku ta daskare. Sukan taru a wasu 'yan wurare da ƙarfin igiyar ruwa ke hana ƙanƙara rufewa, kusa da tsibiran Belcher, su yi ta nutso a cikin sanyin da ya wuce misali. Mutanen Inuwit na garin Sanikiluaq sun daɗe suna dogaro da su. Da barewar ƙasar ƙanƙara ta ɓace daga tsibiran a ƙarshen ƙarni na 19, fatar eider da gashinta suka koma ɗinkawa su yi rigunan sanyi. A hunturun 1991 zuwa 1992 wuraren nan sun daskare, agwagi masu ɗimbin yawa suka mutu, kuma ƙidayar da aka yi bayan 'yan shekaru ta nuna sheƙu sun ragu ƙwarai a tsibiran.

Gashin da ya zama dukiya

Gashin eider ya sha bamban da na agwagwar gida ko na dinya. Zarensa na da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ke sarƙe juna, shi ya sa iska ba ta watsa shi daga sheƙa. Idan aka dunƙule shi a tafin hannu ya zama kamar ƙwallo, da an saki sai ya kumbura ya koma yadda yake. Ga rashin nauyi ga riƙe ɗumi. Sa'annan ba a yanka tsuntsuwar ko a fige ta kafin a same shi; daga sheƙa ake kwasa.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na wanda ake sayarwa a duniya daga Aislan yake fitowa, wajen tan 3 a shekara. Manoma tsakanin 350 zuwa 400 ne ke wannan sana'a, musamman a mashigin Breidafjordur mai tarin tsibirai da yankin arewa maso yamma, inda tsibirin Vigur ya yi suna. Agwagin na daji ne, babu mai ciyar da su ko ya kulle su. Abin da manomin ke ba su shi ne tsaro. Yakan gyara musu gurbin sheƙa da duwatsu ko katako ko tsohuwar taya, ya kafa tutoci da mutum-mutumi, ya kwana yana gadi da bindiga saboda yanyawar ƙanƙara da sauran maɓarnata. Su kuma, ganin wurin da aminci, sai su riƙa dawowa kowace shekara suna ƙaruwa. Wasu manoman kan ɗebi gashin ana cikin kwanci su maye gurbinsa da busasshiyar ciyawa, wasu kuma su jira sai 'ya'yan sun bar sheƙar.

Sheƙa guda takan ba da giram 15 zuwa 20 ne kawai bayan an tsabtace, wato sai an haɗa sheƙa wajen 60 kafin a samu kilo ɗaya. Ana shanya shi, a gasa shi da zafi don kashe ƙwayoyin cuta, a kaɗe ciyawa da inji, sannan a bi da hannu a tsince abin da ya rage. Wannan wahala ce ta sa bargo guda ke kai dubban daloli a kasuwannin Japan da Jamus, waɗanda su ne manyan masu saye. Tun tsakiyar ƙarni na 19 doka ta haramta farautar eider a Aislan, kuma har yau haramcin na nan.

A tsibiran Vega na ƙasar Norwe, mata ne suka riƙe sana'ar. Yayin da maza ke tafiya su, matan kan gina wa agwagin 'yan ɗakuna na dutse da katako, su shimfiɗa busasshiyar ciyawar teku a ciki, su hana hayaniya a tsibiri har kwanci ya ƙare. A shekarar 2004 hukumar UNESCO ta sanya tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ta ambaci aikin matan nan a cikin dalilanta. A lardin Kebek na Kanada kuma, wata ƙungiya mai suna Duvetnor, wadda masana halittu suka kafa a 1979, tana tara gashin a tsibiran kogin Saint-Laurent tana amfani da kuɗin wajen saye da kare tsibiran.

Kariyar ta ma girmi duk waɗannan. Ana danganta wa wani malamin Kirista mai suna Cuthbert, wanda ya yi zaman kaɗaici a tsibiran Farne na arewa maso gabashin Ingila daga shekarar 676, cewa ya hana a taɓa tsuntsayen wurin. Akan lissafa wannan cikin tsofaffin dokokin kare tsuntsaye, kuma har yanzu mutanen yankin na kiran eider da sunansa.

Abubuwan da ke rage ta

Raguwar da ta fi tayar da hankali ita ce ta garken Baltik da Wadden, wadda ta faro tun shekarun 1990. Dalilan sun taru ne suka yi yawa.

Na farko abinci. A hunturun 1999 zuwa 2000, kimanin eider 21,000 suka mutu da yunwa a ɓangaren Holan na tekun Wadden, bayan shekarun da jiragen kamun kumba suka yi suna kankare ƙasan ruwa. Daga 2005 gwamnatin Holan ta hana kwasar wani nau'in kumbar da inji a wannan teku.

Na biyu maɓarnata a sheƙa. Wata dabba dangin bodari mai suna mink, wadda aka kawo daga Amurka don kiwon fata a ƙarni na 20, ta kuɓuce ta bazu, kuma ta iya iyo har tsibirai. Gaggafar teku mai farar wutsiya, wadda gubar DDT da makamantanta suka kusa ƙararwa a Baltik a shekarun 1970, ta farfaɗo saboda kariyar da aka ba ta, yanzu kuma tana ɗauke matan eider daga kan ƙwai a tsibiran da ba su da itatuwa. Nasarar ceto wani tsuntsu ta zama matsalar wani. Tun da mata ne ke mutuwa a tudu, toraye sun rinjaye su da yawa a garken Baltik.

Na uku cuta. Kwalarar tsuntsaye ta kashe dubban mata masu kwanci a Danmak a 1996 da 2001, haka kuma a wani babban mazauni da ke kusa da tsibirin Southampton a arewacin Kanada daga 2005. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta yi ɓarna a kogin Saint-Laurent a 2022. Cunkoson sheƙu na sa cuta saurin yaɗuwa.

Akwai kuma man fetur da ragar masunta. Tsuntsuwar da ke kwana a kan ruwa cikin babban garke, malalar mai guda na iya gamawa da dubbai. Da jirgin dakon mai Erika ya nutse a gaɓar Bretagne a Disamban 1999, 'yan tsirarun da ke kiwo a gaɓar yammacin Faransa sun kusa ƙarewa. A Aislan, Girinlan da Norwe kuma, da yawa kan sarƙe a ragar da ake kafa wa kifi a ruwa marar zurfi su nutse. A can ƙuryar arewa, ɗumamar yanayi na sa ƙanƙarar teku narkewa da wuri, farin beyar da ya rasa wurin farauta sai ya hau tsibiri ya cinye ƙwan ɗaruruwan sheƙu cikin 'yan kwanaki.

Matakan kariya

Abin da ya faru a Girinlan ya nuna cewa raguwar na iya juyawa. Farauta da kwasar ƙwai sun rage garken yammacin ƙasar ƙwarai a ƙarni na 20. A farkon shekarun 2000 hukumomi suka taƙaita lokacin farauta, suka cire watannin da ke dab da kwanci, cikin 'yan shekaru kuma masu ƙidaya suka ga sheƙu na ƙaruwa. Danmak ta hana harbin mata tun 2014. A Finlan da Suwidin ana kafa tarko ana kawar da mink daga tsibirai kafin agwagin su iso. Masu kiwon kumba a Sikotlan, Norwe da Kanada, waɗanda eider ke yi wa ɓarna, da yawansu sun koma kewaye gonakinsu na ruwa da raga mai kauri maimakon harbi. Duk da haka, jerin tsuntsayen Turai da aka fitar a 2021 ya sanya ta cikin waɗanda ke cikin haɗari a nahiyar.

Eider ba ta zuwa Afirka, amma tana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar AEWA ta ƙunsa, wadda aka ƙulla a birnin Hague a 1995 don kare tsuntsayen ruwa masu hijira tsakanin Afirka, Turai da yammacin Asiya. Nijar, Najeriya, Ghana, Cadi da Sudan duk suna cikinta. A taron yarjejeniyar da aka yi a Budapest a watan Satumban 2022 aka amince da wani shiri na musamman don farfaɗo da eider, wanda ya shafi farauta, maɓarnata da ragar masunta. Ana kuma ƙidayar agwagin Turai da ke sauka kowane hunturu a tafkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da kwarin kogin Kwara, suna kiwo tare da kirinjijiya da dinya kafin su koma arewa a watan Maris.